Tumakin Japhet

A unguwar Rikoto, cikin garin Zuru, in ka tambayi gidan Gladys ba kowa zai gane ba. Ka ce Maman Japhet mai kunu, sai a nuna maka lungun. In ka yi rashin sa'a ka faɗa hannun masu bakin tsiya kuwa, sai su kalli juna su ce, "Au, mai waya?" Sunan nan na biyu ba ita ta raɗa wa kanta ba, kuma waɗanda suka raɗa mata shi har yau ba su san abin da ke cikin wayar ba.

'Yar ƙauyen Manga ce, a gona aka yaye ta. Ubanta mutum ne mai doka guda, ba ya kuma tanƙwara ta don kowa: da safe ba mai sa loma a baki sai dabbobi sun ci. Ko kana zazzaɓi, ka fara kai wa tumaki harawa, sannan ka dawo ka yi zazzaɓinka. Gladys ta tashi da dokar nan a jikinta. Tana ƙarama ita ce mai yini a bakin rafi tana gina ƙananan rumbuna da laka, ta jera su a rana, yaran unguwa su zo su tattake, washegari ta sake.

Dominic ya yi mata golmo, noman da saurayi ke yi wa uban budurwa kafin a ba shi, har tafin hannunsa ya yi kanta. Ba a daɗe da ɗaura musu aure a coci ba soja ta ɗauke shi. A ƙasar Zuru wannan ba labari ba ne, da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton mai kaki a bango ba. Ta bi shi daga wannan bariki zuwa wancan, ta haifi Japhet, shi kaɗai kuma Allah ya bar mata. Da aka tura Dominic arewa maso gabas, inda ba a zuwa da iyali, ta dawo gida ta kama ɗaki guda a Rikoto, ta fara dama kunu. Mai gidan hayar irin mutanen nan ne da ke ƙaunar bango fiye da ɗan Adam. Ƙusa guda ba ya yarda a kafa. Japhet ya taɓa zana mota da gawayi a bayan ɗaki, sai da aka yi sati ana ba da haƙuri.

Wani hutu da Dominic ya zo, ya bar wa yaron tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi. Yaran maƙwabta suka sa masa wani wasa da suke kira wasan bulo. Komai na cikinsa mai kusurwa huɗu ne, ƙasa da dutse da itace, har tumaki. Ka haƙa, ka sare, ka ɗora wannan kan wannan, ka gina abin da ka ga dama. Gladys ta tsani abin tun ranar farko. Ka aiki yaro ɗebo ruwa, ka same shi a bakin rijiya da bokiti babu komai, wai yana sa rufi.

Da ya sake zuwa hutu, uban ne ya fara leƙawa.

"Wa ke cin wasan nan?" in ji Dominic.

"Ba a ci, Baba."

"To yaushe shika ƙarewa?"

"Ba ya ƙarewa."

"Irin aikinmu ke nan," ya ce, yana dariya. Ya gyara zama a tabarma, ya karɓa ya duba gidan da yaron ya gina. "Kai, gida a fili haka? Haƙa rami ka kewaye shi. Ka sa fitila kowace kusurwa."

Suka haɗa kai a kan abin nan har tuwo ya huce. Gladys ta yi ta buga kwanuka don a san ranta ya ɓaci. Mutum ya samu 'yan kwanaki da ƙyar, maimakon ya zauna a yi maganar duniya, ya ɓige da haƙar ramin ƙarya. Ta faɗa masa hakan a fuskarsa. Ya ce, "Bar shi, Gladys. Yaron shina da kai."

Daga wannan hutun bai sake dawowa ba. Jakarsa aka kawo, da hularsa, da mutum biyu masu magana ƙasa-ƙasa. Can aka binne shi, ko gawar ba ta gani ba.

Japhet yana shekara goma sha biyu, kuma bai yi kuka ba. Ɗaki cike da matan zumuntar coci suna waƙa, shi yana kusurwa da waya. Aka watse, shi yana nan da waya. Wata rana da hantsi haƙurinta ya ƙare, ta fizge ta daga hannunsa, ta ɗaga za ta rotsa ta da ƙasa.

"Ubanka ya mutu kana wasa? Wane irin ɗa ne kai?"

"Mama, ramin Baba ne," ya ce. "Ban gama ba ya tafi."

Hannunta ya sauko. Ta duba. Ga rami nan ya kewaye gidan, zurfi ɗaya ko'ina, fitila a kowace kusurwa, saura ɗan wuri kaɗan ta gabas. Ta zauna a bakin gado. Sai ta faɗi abin da idonta ya gani.

"Wanga mi ne ne a gefe?"

"Gonata. Alkama ce."

"Gona kusa da tumaki ba shinge? Wa ya koya maka noma? Kuma ruwan ya yi nisa, shi ya sa ta yi rama. Jawo shi kusa."

Ya jawo ruwan, ƙasar ta yi duhu irin na jiƙa. Ya ɗago ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. "Mama, ya aka yi kika sani?"

Tun daga ranar ta shiga. Da yatsunta masu kaushin tuƙin kunu ta koyi tafiya a ciki, tana faɗawa rami, tana sare abin da ba a ce ta sare ba, yaron yana dariya har da riƙe ciki, dariyar da ba ta ji ba tun zuwan jakar. Ya nuna mata yadda ake riƙe alkama a hannu, tumaki su biyo ka a guje. Ya gina mata ɗaki nata, da taga mai kallon dutse. Ta ce a kafa mata wurin rataye kaya. Ya ce, "Ko'ina kike so, Mama. Nan ba mai gida."

Maganar nan ce ta buɗe mata ido. Yaro ne da aka haifa a ɗakin bariki, ya girma a ɗakin haya, duk inda ya sa hannu a ce na wani ne. A nan kuwa ƙasa tasa ce har iyakar gani, ba wanda zai ce ya bari, ba wanda zai zo ya tattake. Ta tuna rumbunanta na bakin rafi, ta ji kunyar kwanukan da ta buga wa Dominic. Sannan wani tunani ya shiga ranta ya yi saiwa: wannan yaro magini ne. Hannun da ke son ɗora bulo kan bulo ba hannun bindiga ba ne. Soja ta ci mata miji, amma ba za ta ci mata ɗa ba. Har wurin Ɗanjuma birkila ta je, wanda ke gine-gine a unguwar, ya ce in yaron ya ƙara ƙwari a kawo shi.

Tana nata shiri, dangin miji suna nasu. Da aka gama zaman makoki, Solomon, yayan Dominic, samanja ne a wani bariki a Kaduna, ya tara mutane a Manga. Aka yi addu'a, aka yabi Gladys, aka ce ta yi ƙoƙari. Ita ta san in an fara yabon mace a taron dangin miji, wani abu za a karɓe mata. Solomon ya ce ɗa na gidan ubansa ne, zai tafi da shi ya sa shi makaranta mai kyau.

"Yaya, shi kaɗai gare ni," ta ce.

"Mu ma shi kaɗai Dominic ya bar muna. Da kunu za ki riƙe shi?"

Ta duba fuskokin 'yan uwanta, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ba a yi mata tsawa ba, ba a zage ta ba, cikin ladabi aka raba ta da ɗanta.

Ranar tafiya Solomon ya ga wayar a hannun yaron ya ce, "Wanga shirme ba ya shiga gidana." Japhet ya koma ɗaki, ya yi 'yan danne-danne, ya miƙa wa uwarsa. Sai a ranar ya yi kukan da bai yi wa ubansa ba.

"Na kashe miki dodannin cikin wasan, ba abin da zai taɓa ki. Mama, ki duba mani tumakina har in dawo."

"Zan duba," ta ce.

Wani zai ce maganar yaro ce. To, a gidan da Gladys ta tashi, in mai tafiya ya bar maka dabba, ya bar maka wuyansa ne. Kuma tun da ta yi aure ba ta sake mallakar ko akuya ba, daga bariki sai haya. Waɗannan su ne tumakinta na farko tun barin gidan ubanta, masu kusurwa huɗu ko a'a.

Kullum da safe, kafin ta sa komai a baki, sai ta buɗe. Ta girbe alkamar da ta nuna, ta sake shukawa, ta shiga garke ta ba kowace. Suka hayayyafa har ta faɗaɗa shingen. Ta gama ramin ta gabas. Amfanin gona ya yi yawa, akwatunan yaron suka cika, sai ta fara gina rumbuna. Abin ya ba ta haushi ƙwarai, don bulon ba ya yarda a yi zagaye, rumbu kuma mai kusurwa ai abin dariya ne. Duk da haka ta ɗora su kan duwatsu yadda ake yi a Manga saboda gara, ta jera su bayan gida, ɗaya bayan ɗaya. In an ɗauke wuta, ta ɗaura zane ta tafi shagon caji a bakin titi, ta tsaya a kan wayar kamar mai jiran haihuwa. Lokacin da taifot ta kwantar da ita a asibiti, maƙwabciyarta Rahmatu mai gyaɗa ta roƙa ta kawo mata wayar, ta ciyar da su da hannu ɗaya, ɗayan ana ƙara mata ruwa. Rahmatu ta leƙa ta ce, "Maman Japhet, wanga ai ba su da rai." Gladys ta ce, "Na sani. Amma ba nawa ba ne."

Bazawara mai sauran ƙuruciya, kullum kai a sunkuye kan waya, wani lokaci har da murmushi. Rikoto ba ta buƙatar fiye da haka. Aka ce wani ne a Yawuri. Aka ce a'a, sojan da ya kawo jaka ne. Matan da suka cika mata ɗaki da waƙa ranar makoki, su ne suka riƙa yin shiru in ta shigo zumunta. Matar fasto ta zo har gida don yi mata nasiha. Gladys ta yi murna, ta ce ga wadda za ta wanke ta. Ta buɗe wayar, ta zagaya da ita garke da gona da rumbuna, tana faɗa mata wacce tunkiya ce ta haihu jiya. Matar ta yi addu'a doguwa, ta fita da sauri. Daga nan labarin ya rabu biyu, masu cewa maza take bi da masu cewa kanta ya taɓu, kuma dukansu biyu sun isa Kaduna. Solomon ya aiko cewa yaron ba zai riƙa zuwa hutu ba sai uwarsa ta natsu.

Ta so ta bari a lokacin. Ta yi kwana guda ba ta buɗe ba, abinci ya ƙi shiga. Tana kai loma baki sai ta ga garken tsaye a bakin shinge suna jiranta.

Ranar Lahadi bayan coci Japhet kan kira da wayar matar Solomon. Da farko kafin ya gaishe ta ma sai ya ce, "Mama, nawa suka zama?" Ta faɗa masa, ya yi ihu, ya ce ta yi wa baƙar tunkiyar nan wurinta daban. Bayan wani lokaci ya koma cewa, "To, Mama." Daga baya in ta fara ba shi labarin rumbuna sai ta ji shiru, sai ya ce ana kiransa. Ta ce a ranta kunyar mutanen gidan yake ji. Kowace shekara kuma in ta haɗu da Ɗanjuma birkila sai ta tuna masa, shi kuma ya ce yana nan.

Sai da aka yi girbi huɗu sannan aka bar shi ya zo Kirsimeti. Ya sauko daga mota ya fi ta tsawo, aski irin na bariki, Hausarsa ta koma ta Kaduna. Ya durƙusa ya gaishe ta da kyau, ya kawo mata atamfa. Ba za a ce yaron ya lalace ba, Solomon ya riƙe shi da gaskiya, wannan ma yana cikin abin da ya fi ci mata rai. Yana da wayarsa sabuwa, yana cin abinci yana danna ta, ƙarar harbi tana fita.

Ta bari sai da ya ƙoshi ya wanke hannu. Sannan ta jawo tsohuwar wayar daga cikin ƙyallen da take naɗe ta, ta buɗe, ta sa masa a hannu.

"Ga ajiyarka."

Ya duba. Ya ga tumaki sun cika fili, ya ga rumbuna a jere har bakin dutse. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi in an ga tsohon hoto.

"Mama, wai wannan abin yana nan? Wa ya yi duk wannan?"

"Ni. Ba rana guda da sunka kwana da yunwa, sai ɗaya."

"Yunwa kuma? Ai ba sa jin yunwa. In kin rufe wayar komai tsayawa yake. Ko shekara goma kika yi, yadda kika bar su haka za ki same su."

Ta tuna asibiti, da shagon caji, da addu'ar matar fasto.

"Amma suna gane ni," ta ce. "Ina shiga suke rugowa."

"Alkamar hannunki suke bi. Cire ta ki gani."

"Kai ka ce in duba maka su."

"Ni?" Ya ɗan yi tunani, da gaske yake ƙoƙarin tunawa. "Ƙila. Lokacin ai ina yaro."

Ya miƙo mata wayar. Bai je wurin ramin ba, bai leƙa ɗakin mai taga ba. Ta ce masa Ɗanjuma birkila yana jiransa, yanzu ma gini ya yi yawa a gari, mai hannu ba ya zama banza. Ya dube ta da tausayi, tausayin nan ya fi mari zafi.

"Mama, soja zan shiga. Baba Solomon ya ce da na gama makaranta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ko karin maganar ba tasa ba ce, ta ji muryar mai ita a ciki. Ta ce, "Allah shi kiyaye," ta kwashe kwanuka. A bayan ɗaki, wurin da ya taɓa zana mota, ta tsaya ta yi kukanta ba sauti, don kada mai gida ya ji. Ba wahalar ce ta dame ta ba, ta saba da wahala. Abin da ya ƙona ta shi ne, ta yi shekaru tana zagin wasan nan lokacin da yaron ke cikinsa, da ta gane shi kuma ta shiga da ƙafa biyu, ashe shi ya fita ta wata ƙofa ya bar ta ita kaɗai a ciki.

Bayan sabuwar shekara ta raka shi tasha. Ta ce ko zai tafi da wayar, tunda ta ubansa ce. Ya ce ta riƙe, batirin ma ya mutu, ba ta da amfani.

Ta dawo da hantsi, ba ta karya ba. Ta zauna a bakin gado ta buɗe. Ta san yanzu ba sa ci, ba sa jira, ba sa komai. Amma 'yar Manga ba ta barin dabba a kulle in ta san ba za ta dawo ba. Ta ɗauki alkama, ta buɗe ƙofar garken, suka rugo suka kewaye ta. Ta bi da su ta gadar da ta yi a kan ramin Dominic, ta wuce rumbunan, ta kai su fili mai ciyawa a gindin dutse. Can ta tsaya, suna ta tura juna a gabanta, baƙar nan tana gaba.

Sai ta cire alkamar daga hannunta. Ta ɗan jira, ko guda za ta tsaya. Suka juya mata baya, kowace ta kama gabanta.